Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano: A Bar Manajan Gobe Ya Fara Daga Sito

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Injiniya Abba Kabir Yusuf,
Gidan Gwamnati, Kano.



 

Ranka ya daɗe, ni ba ɗan siyasa ba ne, kuma ba kwangila ta kawo ni ba. Tsohon jami'in kula da ma'aikata ne ni, a masana'antu masu zaman kansu na nan Kano na yi aiki har na ajiye. Abin da na sani a duniya shi ne ɗaukar mutum aiki, da horas da shi, da zuba ido a ga yadda zai yi ranar da aka ba shi kujera. Maganar da na zo da ita mun sha yin ta, ni da ire-irena, a tarukan ƙara wa juna sani da shirye-shiryen rediyo. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Dalilin da ya sa ba ta motsi kuwa shi ne ba ta da ofishi guda. Wani yanki nata na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ne, wani na Shugaban Ma'aikata, wani na Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, wani na Ma'aikatar Ciniki, kowa kuma yana da hujjar cewa ba shi ya kamata ya fara ba. A teburinka kaɗai duk suke haɗuwa. Shi ya sa na rubuto maka a bainar jama'a, ka yi mini afuwa idan harshena ya yi kaifi a wasu wurare.

Kukana shi ne muna ƙera manajoji a cikin aji, muna ɗora su a kan aikin da ba su taɓa yi da hannunsu ba, sannan mu dawo muna mamakin yadda hukumomi da kamfanoni suke lalacewa.

Kuka na farko a kan makarantu ne. Duba yadda ƙasar nan take yi da sauran sana'o'i. Likita ba ya samun cikakkiyar rajista sai ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya, yana kwana tare da marasa lafiya, yana ɗibar jini, yana sa ruwa. Mai harhaɗa magunguna ma haka. Ɗalibin Makarantar Lauyoyi sai an tura shi kotu da ofishin wani lauya ya zauna ya ga yadda ake yi. Malami sai ya riƙe alli a gaban yara kafin a ba shi shaidar NCE. Amma wanda zai riƙe kuɗin asibitin, ya tsara sayen magani, ya raba wa ma'aikata lokutan aiki, wato wanda ya karanta harkar mulki ko gudanar da kasuwanci, yana iya cinye shekara huɗu a jami'a bai taɓa ƙirga katan ɗaya a sito ba, bai taɓa tsayawa a kanta wani ya zage shi a kan canji ba. Shi kaɗai muka yarda ya koyi tuƙi ranar da aka cika masa mota da fasinja.

Na san za a ce ai akwai SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Akwai shi. Asusun Horas da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya fito da shirin a 1973, saboda masu masana'antu sun koka cewa masu fitowa daga manyan makarantu ba su san makamar aiki ba. Sai dai tun asali don ɗaliban injiniya da kimiyya da fasaha da noma aka gina shi, yawancin kwasa-kwasan mulki da kasuwanci suna waje. Inda ake yin sa ma, kowa ya san yadda ya koma. Yaro ya samu wani kawunsa a ofis, a buga masa hatimi a littafinsa, ya tafi gida ya kwanta wata shida. Ban ga laifinsa sosai ba. Alawus ɗin da aka daɗe ana ba shi, naira 2,500 a wata, ba zai kai shi Sharaɗa ya dawo da shi na kwana uku a Adaidaita Sahu ba. Ga kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da dama an garƙame su, wuraren da za su karɓe shi sun ragu. Kai da ka biyo ta kwalejin fasaha, ranka ya daɗe, ka san shekarar nan ta aiki da ake sawa tsakanin ƙaramar difloma da babba, ka kuma san abin da take yi wa wanda ya yi ta tsakani da Allah. Yau ga yara da yawa ta zama wasiƙa ce kawai da ake nema a haɗa da fom.

Bari in tsaya in faɗi abin da ƙasan aiki yake koyarwa, don wasu suna ɗauka wahala ce kawai ake so yaro ya sha saboda mu ma mun sha.

Abu na farko shi ne bambancin takarda da gaskiya. Manaja a takarda yake rayuwa, rahoto ne abincinsa. Wanda ya taɓa zama a sito ya san yadda rahoton yake haihuwa. Ya san ana buɗe katan ta ƙasa a zare kaya a sake liƙewa. Ya san dalilin da ya sa kayan da suka fara shigowa su ya kamata su fara fita, ya kuma san lungun da tsofaffin kaya suke ɓuya har wa'adinsu ya wuce. Ya san cewa idan tankar man dizil ta zo, ba a sa hannu sai an tsoma sandar awo kafin juyewa da bayan juyewa, sai an duba ko akwai ruwa a ƙasa. A wata masana'anta da na yi aiki an taɓa kawo mana wani matashi mai digiri na biyu, haziƙi ne, Turanci kamar ruwa, kwamfuta kuwa sai ka ce shi ya ƙera ta. Aka ba shi kula da sashen sayayya kai tsaye. Wata da watanni yana sa hannu a takardun mai, lissafinsa a kwamfuta yana fitowa daidai babu ko kwabo da ya ɓace, alhali janareto yana shan abin da bai kai rabin abin da ake rubutawa ba. Bai ci ko sisi ba. Bai dai san cewa akwai sandar awo ba, kuma babu wanda ya ga amfanin gaya masa. Wani dattijon mai gadi ne ya ja hankalinmu. Yaron ya rasa aikinsa, waɗanda suka sha man kuwa da ƙyar aka iya kama mutum ɗaya, don sa hannunsa ne a kan komai.

Sai sanin lokaci da ƙarfin ɗan Adam. Tirela tana ɗaukar buhu 600 na siminti, tan 30 ke nan. Wanda bai taɓa tsayawa wurin lodi ba, lamba ce kawai a wurinsa. Zai zauna cikin sanyin ofis ya rubuta cewa a loda tirela kaza kafin la'asar, bai san leburori nawa hakan yake ci ba, bai san yadda ƙarfinsu yake karyewa a zafin Afrilu ba, balle a ce azumi ya faɗo a lokacin. Idan aka kasa, sai ya ce lalaci ne, ya yanke albashi. Gobe gwanayen cikinsu su tafi wani wuri, a bar shi da sababbin hannu masu fasa buhu.

Sai sanin mutumin da ake yi wa aikin. Duk mai son shugabantar asibiti irin na Murtala ya kamata a ce ya taɓa zama a ɗakin kati da safiyar Litinin, ya ga tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba ta manta katinta, ya ga yadda layi ɗaya da aka tsara ba daidai ba yake cinye wa mutum yini. Mai son riƙe hukumar ruwa ya kamata a ce ya taɓa bin unguwa yana raba takardar biyan kuɗi ga mutanen da rabonsu da ganin ɗigon ruwa a famfo tun bara, ya ji abin da za su gaya masa, ya kuma taɓa yin aikin dare a matatar Tamburawa. Irin wannan mutum idan ya zauna taron tsara kasafi, fuskoki yake gani a bayan lambobi.

Na ƙarshe kuma, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne karɓar umarni. Wanda bai taɓa tsayawa ana yi masa tsawa a gaban mutane kan laifin da ba nasa ba, bai san zafin abin ba, kuma zai yi wa wasu. Bai san yadda ake gyara wa dattijon da ya haife shi kuskure ba tare da an ci masa fuska ba. Bai san cewa a kowane sashe akwai wani mutum da ba shi da muƙami amma idan bai gyaɗa kai ba aiki ba ya tafiya. Wannan ba ya cikin manhajar kowace jami'a, kuma ba a koyon sa daga sama, don ranar da ka zama oga an daina gaya maka gaskiya.

Manajan da ya tsallake wannan mataki, ɗayan biyu yake zama. Ko dai ya zama fursunan na ƙasa da shi, duk abin da akawu da mai sito suka miƙo ya sa hannu, ko kuma tsoron kada a gane bai sani ba ya mai da shi mai faɗa da tsawa. Na ga kowanne, kuma ban san wanda ya fi ɓarna ba.

Kuka na biyu a kan aikin gwamnati ne. Mai digiri yana shigowa a mataki na 08, daga nan kusan duk shekara uku a yi masa ƙarin girma. Babu laifi a wannan. Laifin shi ne yana iya hawa daga mataki na 08 har ya zama darakta bai taɓa barin Sakatariyar Audu Bako ba. Bai zauna a rajista ya ga yadda fayil yake ɓata da yadda ake nemo shi ba. Bai kwana a Doguwa ko Rogo ko Ajingi ba. Ƙananan hukumomi 44 muke da su, amma mai uwa a gindin murhu ba ya wuce ƙwaryar birni, tura mutum ƙauye kuwa ya zama horo ga wanda ya yi laifi ko wanda ba shi da kowa.

Ba haka aka gina aikin mulki a Arewa ba. Makarantar Kongo ta Zariya, wadda ta yaye manyan sakatarori da jami'an mulki masu yawa, a 1947 ta fara a matsayin wurin horas da akawuna. Ƙaramin jami'in mulki na wancan zamani da rangadi yake buɗe aiki, ƙauye zuwa ƙauye, yana duba littafin haraji, yana sauraron ƙorafi a gindin bishiya. Sardauna da ya gama Kwalejin Katsina a 1931 koyarwa ya yi a Midil ta Sakkwato, a 1934 ya zama hakimin Rabah, a 1938 aka kai shi Gusau, sai a 1954 ya zama Firimiya. Audu Bako, wanda har yau muke shan ruwan madatsun da ya gina, a 1942 ya shiga aikin ɗan sanda, ya bi matakai sama da shekara ashirin kafin a ba shi Kano a 1967. Ba ina cewa zamanin nan ba shi da aibu ba, En'e ta yi zalunci iri-iri. Amma mutanen sun san ƙasar da suke mulki da tafin ƙafarsu.

Kuka na uku shi ne mafi nauyi a baki, kuma kai tsaye a hannunka yake. Naɗin shugabannin hukumomi da kamfanonin gwamnati. Wannan ciwo ba kai ka kawo shi ba, kowace gwamnati ta yi, a Kano da sauran jihohi. Amma yanzu alƙalamin yana hannunka. Na yarda gwamna yana da haƙƙin ya zo da mutanen da ya amince da su, na kuma yarda siyasa tana da bashin da ake biya. Sai dai akwai kujerar siyasa, akwai kujerar aiki. Idan aka ɗauko wanda bai taɓa aiki a fannin ba aka ɗora shi a kan hukumar da ke kula da ruwa ko shara ko magani ko taki, abu biyu ne suke mutuwa lokaci guda. Aikin yana mutuwa, don sai ya shekara biyu yana koyon sunayen sassa. Zuciyar ma'aikata ma tana mutuwa, don wanda ya shekara ashirin yana hawa a hankali ya gane cewa matakalar ba ta kai wa saman bene. Su kuma samarin da suke kallo sun ɗauki darasi: maimakon ka ɓata ƙuruciyarka a sito, gara ka nemi ubangida ka riƙa yabonsa a Facebook. Ranka ya daɗe, kai kanka ka riƙe Ma'aikatar Ayyuka daga 2011 zuwa 2015, kuma da ilimin injiniya ka shige ta. Ka san bambancin shugaban da ɗan kwangila zai iya yi wa wasa da hankali a kan kaurin kwalta da wanda zai sunkuya ya duba da kansa.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan cikin garin, ba mu ɗauke shi ilimi ba. Je ka Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau. Yaron shago da shara da buɗe ƙofa yake farawa. Daga nan ɗauko dila daga sito, daga nan aike banki, daga nan a bar shi ya yi ciniki Alhaji yana gefe yana saurare kamar ba ya ji. Sai an ga riƙonsa a ƙaramin kuɗi a ba shi babba. Kafin a sallame shi da jari, ya san atamfar da take tafiya gab da salla da wadda za ta kwana, ya san wanda ake ba bashi da wanda ake ba haƙuri. Yaron Dawanau yana cusa hannu a buhun riɗi ya gaya maka ko an yi algus da yashi, ya tauna wake ya gaya maka ko ya bushe. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, fataucin goro ya yi a hanyar Gwanja tun yana matashi, shekaru masu yawa kafin Turawan kamfani su nemi ya saya musu gyaɗa. Da ya rasu a 1955 sunansa ya riga ya zagaye Afirka ta Yamma.

Kada a ce ina fifita kasuwa a kan boko. Kasuwar ma tana da raminta. Gidajen kasuwanci nawa muka gani sun rushe shekara biyu bayan rasuwar mai su, saboda lissafin duk a kansa yake, babu littafi, babu tsari, babu wanda ya san inda bashi yake? Yaron shago yana buƙatar abin da ɗan jami'a ya sani, kamar yadda ɗan jami'a yake buƙatar abin da yaron shago ya sani. Tsakanin Kwari da makarantunmu tafiyar mintuna ce, amma kamar ƙasa biyu ne da ba sa ga maciji.

Ƙasashen da muke kwaikwayon littattafansu ba su yar da wannan ba. Mary Barra tana da shekara 18 ta shiga kamfanin motoci na General Motors a 1980, tana ɗaliba, aikinta duba murfin inji da jikin mota a masana'anta. Sai bayan shekara goma ta yi digirin MBA na gudanar da kasuwanci a Stanford, a 2014 ta zama shugabar kamfanin gaba ɗaya. Doug McMillon a 1984 sauke kaya daga manyan motoci yake yi a rumbun Walmart, shi ma a 2014 aka ba shi ragamar kamfanin. Manyan makarantun kasuwanci na Amurka yawancin waɗanda suke ɗauka sun yi shekara huɗu ko biyar suna aiki. A Jamus kuwa, matashi yana yin kwana uku ko huɗu a kamfani, ɗaya ko biyu a makaranta, ana biyan sa, kuma tsarin ya haɗa har da aikin banki da ofis da kanti. Mu a nan yaro yana gama hidimar ƙasa sai ya koma ya yi MBA don babu aiki, ya fito da kwali biyu da hannu mai laushi, yana jin ya wuce a aike shi.

Wannan ya kawo ni ga ɗalibai 1,001 da gwamnatinka ta ɗauki nauyin karatunsu na digiri na biyu a ƙasashen waje. Aikin alheri ne, Allah ya saka. Roƙona kada a lalata su da gaggawa. Idan aka ɗauko yaro daga filin jirgi aka ba shi ofis da mota, an cuce shi, an cuci dukiyar da aka kashe a kansa. Shekara ɗaya ko biyu a ƙasan aiki ba za ta rage masa komai daga abin da ya karanto ba.

Akwai wani gefe da dole in faɗa, don kada masu son aikin banza su fake da maganata. Ba kowane zama a ƙasa ne yake koyarwa ba. Ɗan hidimar ƙasa da ya shekara yana sayo wa oga abinci da kai yaransa makaranta bai koyi komai ba sai ƙasƙanci. Ma'aikacin wucin gadi da ya shekara goma babu takardar tabbatarwa ba horo yake samu ba, ci da guminsa ake yi. Akawun da ya san aikin ofis fiye da daraktansa amma aka toshe masa hanya saboda babbar difloma gare shi ba digiri ba, shi ma shaida ne cewa mun raina ilimin da ake samu a bakin aiki. 'Ya'yanmu mata kuma suna da nasu tsoron, don akwai ofisoshin da iyaye ba sa yarda 'yarsu ta je koyon aiki, kuma suna da dalili. Farawa daga ƙasa yana da amfani ne idan yana da wa'adi, da wanda yake koyarwa, da juyawa daga sashe zuwa sashe, da albashin da mutum zai ci abinci, da ƙofar da aka san za ta buɗe a ƙarshe. Idan babu waɗannan, bauta ce.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka umarci Shugaban Ma'aikata ya tsara cewa duk wanda aka ɗauka a mataki na 08 a layin mulki da kuɗi da sayayya zai yi shekara biyunsa na gwaji yana zagayawa: rajista, sito, kantar da ake karɓar jama'a, da aƙalla wata shida a ƙaramar hukumar da ke wajen birni, tare da masauki da alawus. A sa wannan cikin sharuɗɗan tabbatar da aiki, kada a cire ɗan kowa. Ranar da aka cire ɗan kwamishina ɗaya, tsarin ya mutu.

Ina roƙon ka sa jami'o'in jiha da Kwalejin Fasaha ta Kano su wajabta wa ɗaliban mulki da akanta da gudanar da kasuwanci zangon aiki na haƙiƙa kafin su kammala, da maki mai nauyi, da malamin da zai je ba tare da sanarwa ba ya ga ko yaron yana wurin. A zauna da shugabannin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari da masu masana'antu a yi yarjejeniya: su karɓi ɗalibai su koya musu ciniki, ɗaliban su taya su tsara littattafan lissafi. Wanda ya karɓi yara ya riƙe su da kyau, a rage masa wani abu daga harajin jiha. Gwamnati kuma ta ɗauki kuɗin motar ɗalibin, don kada abin ya zama na 'ya'yan masu hali kaɗai. Masu ɗaukar ma'aikata da yawa suna biyan ITF kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a shekara, saboda haka ba roƙo ba ne idan jiharmu ta nemi Asusun ya shigo cikin wannan shiri da kuɗinsa da masu horaswarsa.

Ina roƙon ka aika wa Majalisar Dokoki ƙudurin da zai gindaya mafi ƙarancin shekarun aiki a fanni kafin a naɗa mutum shugaban hukumar da aikinta na ƙwarewa ne. Kujerun 'yan kwamitin gudanarwa suna nan ga 'yan siyasa. Kujerar mai tafiyar da aikin yau da kullum a bar wa wanda ya san shi. Dokar za ta ɗaure hannunka, na sani, amma za ta ɗaure na waɗanda za su zo bayanka, za kuma ta ba ka amsar da za ka ba masu matsa maka lamba.

Ina roƙon a buɗe wa na ƙasa hanya: jarrabawar cikin gida da akawu ko mai sito ko mai karanta mita zai zauna ya haye layin shugabanci, da gurbin ƙaro karatu ga wanda ya ci, da duba batun ma'aikatan wucin gadi da suka daɗe. A kuma samar da lambar waya ko ofishin da ɗaliba ko ɗalibin da aka ci zarafinsa a wurin koyon aiki zai kai kuka ba tare da an tona shi ba.

Daga ƙarshe ina roƙon ka ɗora wa mutum ɗaya alhakin wannan aiki, mai zuwa gabanka kai tsaye, ka kuma sa ya fito ya gaya wa jama'ar Kano inda aka kwana bayan wata shida. Akwai tsofaffin manajoji da manyan sakatarori da 'yan kasuwa da yawa a garin nan da za su zo su taimaka ba tare da neman ko kwabo ba idan aka kira su, ni ma ina cikinsu.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon jami'in kula da ma'aikata,
Kano.